Asabar Ɗin Da Na Ba Baffa

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa, babu wanda ya kai ni suna a garinmu, babu kuma wanda ya kai ni zaman banza. Na karanta ilimin kwamfuta a Kano, na dawo da takardar shaida a cikin leda da laftof ɗan gwanjo a cikin jaka. Kowa Injiniya yake kirana, amma duk wanda injin ban-ruwansa ya lalace sai ya gaishe ni da kyau, ya wuce ya kai wa wani bakanike a Kura wanda ko firamare bai gama ba. Garin namu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan dam yake biyo kanal ya shiga gonaki. A lokacin wayar salula ta fara shiga aljihun manoma, amma sai ka hau gaɓar kanal kafin ta kama.

A gidan Baffa nake, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku bayan rasuwar mahaifin nawa. Malami ne, yana da makarantar allo a zaurensa, yana kuma noman rani kamar kowa. Sai dai gonarsa ita ce ta can ƙarshen kanal. Ruwa sai ya gama gaisawa da kowa da kowa sannan ya iso gare shi, a gajiye, wani lokacin ma ya fasa zuwa. Shi ya sa Baffa yake da doka guda a kan dashen tumatir: ba ya cire iri daga wurin reno sai ya ga ruwa da idonsa yana shiga gona. Mutanen farkon kanal su ne suke cire nasu tun da yamma, su dasa da sassafe a busasshiyar kunya, don sun san kafin rana ta ɗaga ruwa ya bi sawunsu. Shekara da shekaru Baffa yana wucewa ta gefen gonakinsu yana yi musu sannu da aiki, bai taɓa cewa komai ba. Renonsa guda ne duk shekara, a bayan gida, an kewaye shi da kara, kuma da tumatirin nan ake cin tuwo a gidanmu har damina ta faɗi.

Rabon ruwa kuwa a gindin wata darbejiya ake yin sa, da baki. Ƙungiyar manoman kanal ɗinmu ta zauna, a yi ta musu har a gaji, a ce wane ran kaza, wane ran kaza, mai buɗe ruwa ya haddace a kansa, shi ke nan. Wata rana wasu baƙi suka zo daga birni da farar mota, suka gaya wa shugaban ƙungiyar cewa yanzu duk ƙungiyar da ta san abin da take yi tana da shafi a intanet. Shugaba bai san mene ne shafi a intanet ba, amma ya san ba ya so a ce ƙungiyarsa ba ta san abin da take yi ba. Ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Injiniya, ka iya wannan abin?" Na ce ko ido rufe. Ya ce to in yi, in sa sunan kowa da ranar ruwansa, in na gama in kawo ƙungiya ta duba. Wallahi ranar na yi farin ciki irin wanda ban yi ba ranar da na karɓi takardar shaida.

To, ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Shafin intanet ba a iska yake zaune ba. Yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ake kira saba, wadda ba a kashe ta, tana jiran duk wanda ya nemi shafin ta miƙa masa. Ni ba ni da saba, ba ni da intanet, wutar lantarki ma sai mu yi kwana huɗu ba mu ga ƙyallinta ba. Abin da masu wannan sana'a suke yi shi ne su gina sabar gwaji a cikin kwamfutarsu. Akwai manhajar da za ta yanki wani ɓangare na ƙwaƙwalwar laftof ɗinka ta yi wata kwamfuta ta biyu a ciki, wadda ba ta da jiki amma tana kunnawa, tana mutuwa, tana da nata tsarin da nata adireshin. A cikin ta biyun nan kake zuba shafinka da rumbun bayanansa. Sai ka dawo ta farkon, ka buga adireshin, shafi ya buɗe fes kamar daga wata ƙasa ya taho, alhali daga cinyarka ya tashi, a cinyarka ya sauka. Duk duniya babu mai ganin sa sai kai da wanda ya leƙo ta kafaɗarka.

Laftof ɗina ko kansa da ƙyar yake ɗauka, balle in ɗora masa goyo. In na kunna ta cikin, fankarsa sai ta kama kuka kamar injin markaɗe, ƙasansa ya yi zafin da sai na ɗora shi a kan faifai. Kullum da hantsi nake hawa keke in kai shi caji shagon wani mai janareta a Kura, in samu awa ɗaya da rabi na aiki, rabin awar kuma wajen jiran ta cikin ta farka yake tafiya. Inna, matar Baffa, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sana'ar da ake kai ta asibiti kullum ba.

Amma akwai abu guda da ya sa na ƙaunaci kwamfutar cikin nan fiye da mutane da yawa. Ana iya ɗaukar ta hoto. Ba hoton kallo ba: ka danna wuri guda, manhajar ta adana yadda komai yake a daidai wannan lokacin. Daga nan ka yi duk ɓarnar da ka ga dama, ka goge, ka rikita, ka kashe ta murus. In ka ga abin ya fi ƙarfinka sai ka koma kan hoton, cikin minti biyu komai ya dawo yadda yake, babu tabo, babu mai tambayar ka. Na yi wata guda ina rayuwa haka, ina ɓatawa sau biyar a wuni ina komawa baya. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga jikina, har na fara jin kuskure wani abu ne da yake samun mutanen da ba su yi boko ba.

Shafi ba ya gwaduwa babu bayanai a ciki, don haka na cika shi da mutanen ƙarya. Na rubuta Malam Wane, gona ta ɗaya, Asabar. Malam Wane na biyu, Lahadi. Haka har arba'in da wani abu. Ranakun kuwa yadda suka zo mini a kai nake zubawa.

Wata Alhamis da safe, ranar da babu karatu, ina zaune a zaure Baffa ya shigo ya zauna kusa da ni a tabarma. Bai taɓa yi ba. Ya sa tabarau, ya ce in nuna masa abin da ya hana ni zuwa gona wata guda. Na yi masa bayanin kwamfuta a cikin kwamfuta, ya ce, "Ikon Allah, ciki gare ta ke nan." Don burga na goge komai a gabansa, shafi ya ɓace, sannan na koma kan hoto ya dawo. Ya jinjina kai. Sai ya matso da fuskarsa yana bin layukan da yatsa, don yana karanta boko a hankali, harafi harafi.

"Wane ne Malam Wane?"

Na ce, "Babu shi, Baffa. Na gwaji ne."

"Babu shi, ka ba shi gona?"

"Ai ba gonar gaske ba ce."

"Ka ba shi ruwa kuma, ran Asabar." Ya cire tabarau. "Ɗan nan, a gidan nan ka tashi. Ka taɓa ganin an rubuta sunan wanda Allah bai halitta ba, an ce ga haƙƙinsa? Alƙalami ba abin wasa ba ne. Ga mutane nan da ransu, da iyayensu, da gonakinsu, ka bar su ka je kana ƙirƙiro wasu. In za ka rubuta, rubuta gaskiya."

Raina ya ɓaci, don na san duk masu wannan aiki haka suke yi, daga nan har ƙarshen duniya. Amma ba a musu da Baffa a kan alƙalami. Na ɗauki hoton kwamfutar cikin kamar yadda na saba kafin kowane babban gyara, sannan muka zauna, shi yana faɗa ina bugawa. Ya san kowa a kanal ɗin nan, da ubansa, da wanda ya gada, da wanda ya saya. Ya gyara mini sunaye uku, ya hana ni sa wa wani mutum laƙabin Alhaji don bai je hajji ba tukuna. Muka kori Malam Wane da duk zuriyarsa, muka zuba mutanen gaske. Ranakun dai ban taɓa su ba, suna nan yadda na ƙaga su, sai ƙungiya ta zauna ta ba ni na gaskiya. A kaina wannan a fili yake, ko tunanin faɗa ban yi ba.

Da na zo jera sunayen ni kaɗai daga baya, sai wani tausayi ya kama ni. Mutumin nan tun da aka haƙa kanal shi ne na ƙarshe a komai. Na ce to, a nan dai ni ne hukuma. Na ɗauko sunan Baffa daga ƙasan jerin na kai shi layin farko, gurbin Malam Wane: Asabar, da safe. Na zana wa shafin tambari, da kan shinkafa da ɗigon ruwa, na sa sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe. Ya yi kyau ƙwarai, har yau in na tuna ina jin haushin yadda ya yi kyau.

Alhamis ta zagayo, Baffa ya sake zama kusa da ni. Na buga adireshi, shafi ya buɗe. Ya bi layin farko da yatsa, ya tsaya. Ya sake bi.

Akwai abin da na manta da shi ranar. Shekarar da ta gabata Baffa ya raka ƙanwata, 'yarsa, wani kafen intanet a Kano duba sakamakon jarrabawa. Da idonsa ya ga an buga adireshi, sunanta ya fito a gilashi da sakamakonta, bayan watanni kuma takarda ta iso makaranta, ko wasali bai bambanta ba. Tun daga ranar ya yanke cewa abin da ya fito a wannan gilashin ya riga ya bi ta hannun hukuma.

Ya ce, "Wannan irin wanda muka gani a Kano ne?"

Na ce, "Irinsa ne, Baffa."

"Ƙungiya ce ta sa ka?"

"Shugaba da kansa."

"Duk abin da ke ciki kai ka rubuta da hannunka?"

"Ni na rubuta."

Ku duba da kyau, babu ƙarya ko guda a cikin amsoshin nan. Na sha juya su a raina shekaru da yawa, kowacce tsaf take, ko gaban alƙali za ta tsaya. Abin da ya rage kawai in ƙara kalma biyar, in ce ranakun nan na gwaji ne. Na ga yadda yake kallon layin, na kuma ga yadda ya juyo ya kalle ni, kallon da bai taɓa yi mini ba tun da na dawo da takarda a leda. Daɗi ya cika ni, na ce a raina in na dawo daga Kano na yi masa bayani a tsanake. Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka," ya miƙe ya shiga cikin gida.

Da azahar ɗin ranar na hau mota zuwa Kano, don akwai wani ɗan guntun manhaja da sabar gwajin take buƙata, sai a kafe zan sauko da shi. Abin da yau yaro zai sauke kafin ya gama hamma, ni kwana uku na yi a kansa. Ya kai rabi a ɗauke wuta, ya kusa ƙarewa layi ya tsinke. Ina kwana wurin wani abokin karatuna a Kumbotso, ina ba shi labarin yadda zan sauya rabon ruwa a ƙasar Kano gaba ɗaya.

Ran Lahadi da la'asar na dawo, na tarar da gida babu kowa, babu bokiti ko guda, har tulun Inna babu. Na leƙa bayan gida. An buɗe shingen kara, wurin reno ya zama fili, an cire irin tas. Na jefar da jaka na hau keke.

Daga nesa na hango su a jere a kan hanya, Inna da ƙannena da matan maƙwabta, kowa da abin da ya samu a ka, suna ɗebo ruwa daga wata rijiya mai nisa. Gonar kuwa an dasa ta kaf, kunya bayan kunya, layi a miƙe irin aikin Baffa. Ƙasar fari fat. Tsiran duk sun kwanta a kan kunya kamar zaren da aka yar.

Inna ce ta ba ni labari, ba ta ko sauke tulun ba. Ran Juma'a bayan la'asar Baffa ya sa aka cire irin duka. Ta ce masa, "Malam, ruwan fa?" Ya ce an sauya rabo, bana shi ne na farko, ya gani a rubuce. Asabar da sassafe aka dasa. Ya tsaya a bakin gona har hantsi, har rana ta take, shiru. Sai ya bi gaɓar kanal da ƙafa har ƙofar ruwa, ya ce wa mai buɗe ruwa yau ranarsa ce, an sa a intanet. Mutumin ya rantse bai san zancen ba, shi Laraba ya sani, kamar kullum. Suka tafi wurin shugaba, shugaba ya ce shi ko ganin abin bai yi ba tukuna. Ya ba Baffa haƙuri har da cire hula, amma ba shi da ikon tsayar da ruwan mutanen gaba, don su ma irinsu yana ƙasa. Duk wannan a gaban jama'a aka yi, kuma Baffa mutum ne da in ya ce ya gani a rubuce ba a sake tambaya.

"Injiniya," in ji Inna, "ga bokiti can. Ko shi ma sai an kai shi caji?"

Na ɗauka. Muka yi ta jido har magariba, washegari ma haka, da jibi. Ruwan tulu a gonar da rana ta gasa kwana biyu, kafin ka juya ƙasa ta shanye ta bushe. Baffa yana cikinmu, yana tsugunawa yana zuba wa kowane tsiro da moɗa, bai dube ni ba, bai kuma ƙi dubana ba. Na so ya zage ni, wallahi na so, ko ya ɗaga hannu ya mare ni a gaban matan nan. Sannu kawai yake yi mini kamar yadda yake yi wa kowa.

Ruwa ya iso ran Laraba bayan azahar, a ranarsa, babu makara ko kaɗan. Ya shiga ya cika gona, ya kwanta yana sheƙi a tsakanin matattun tsirai. Kunya uku na bakin hanya ne suka rayu. Babu inda za a samo wani irin, don kowa daidai gonarsa yake reno, sabon reno kuma wata guda ne, lokaci ya wuce. A shekarar nan masara Baffa ya watsa a sauran gonar don kada ta zauna haka, kuma kowa a gidan ya ji bambancin a kwanonsa.

Washegari Alhamis, zaure babu yara. Ina zaune laftof a rufe a gabana, na kasa buɗe shi, na kasa ɗauke shi. Baffa ya shigo ya zauna a inda ya saba, ya sa tabarau.

Na ce, "Baffa, ranakun nan ni na ƙaga su. Na gwaji ne. Ya kamata in gaya maka, na gani a fuskarka, na yi shiru. Ka yafe mini."

Ya ce, "Kunna."

Na kunna. Fanka ta kama kukanta, muka zauna muna jiran ta cikin ta farka, ban taɓa jin jiran ya yi tsawo haka ba. Shafi ya buɗe da tambarinsa, da kan shinkafa da ɗigon ruwa. Sunan Baffa yana nan a layin farko, Asabar, da safe. A can ciki komai lafiya lau, an ba shi ruwansa a kan lokaci.

Ya ce, "Ban da mu biyu, wa ya taɓa ganin wannan?"

"Babu kowa. Bai taɓa fita daga cikin akwatin nan ba."

"To." Ya gyara zaman tabaraunsa. "Mutumin nan da na sa ka kora. Malam Wane. Yana nan?"

Na ce na ɗauki hoto kafin mu cire shi, ana iya dawo da shi.

"Dawo da shi, ka mayar masa da Asabar ɗinsa. Ka ci gaba da gwajinka a kansa har ka iya." Ya cire tabarau yana goge su da bakin riga. "Shi ba shi da tumatir."

Na danna. Ko minti biyu ba a yi ba kwamfutar cikin ta koma safiyar waccan Alhamis ɗin, Malam Wane da zuriyarsa suka dawo layi layi, babu alamar an taɓa rubuta sunan Baffa a wurin. Ya duba da kyau ya tabbatar. Sannan ya miƙe, ya ɗauki fartanyarsa a bayan ƙofa, ya tafi duba kunya ukun nan.